Kai wane ne a wurin yaron?

Bayan sadakar arba'in ta Yaya, Allah ya jiƙansa, sai dangi suka ce ni zan buɗe adakarsa. Koriyar adaka ce ta ƙarfe, irin ta 'yan makarantar kwana, tun ina saurayi nake ganinta a ƙarƙashin gadonsa. Makulli ya ɓata, sai da na aro guduma a wurin makanikin bakin layinmu. Daga sama ba abin da ya sami kayan: manyan riguna biyu na sallah, huluna, tsohon lasisin tuƙi. Ina ɗaga rigar ƙarshe sai jar ƙasa ta zubo mini a ƙafa. Gara ce. Ta bi ta inda tsatsa ta huda gindin adakar, ta yi gini a cikin ambulan ɗin da ya tara takardun gida, ta ci ta ƙoshi.

Takardun 'ya'yan uwargida sun tsira, don ita ba ta taɓa yarda ta bar nata a hannun namiji ba. Amma takardar haihuwar ɗan amarya, wadda mu a nan Garwa, a arewacin Kamaru, muke ce wa akt, abin da gara ta rage mana bai kai tafin hannu ba: rabin hatimi, da guntun sunan ƙasa, da 2012.

A lokacin ban ɗauki abin da zafi ba. Mutuwa ba ta gama sakinmu ba, wa yake ta takarda? Sai cikin Janairun 2024, hazo ya rufe gari har ba ka hango gadar Binuwai, yaron ya dawo daga lakwal, wato makaranta, da 'yar wasiƙa daga darakta. Yana ajin ƙarshe na firamare, CM2, za a haɗa takardun jarrabawar CEP ta kammala firamare da ta shiga kwaleji, ana son kofin akt mai hatimi nan da mako biyu. Wanda bai kawo ba, sunansa ba zai tafi ba.

Kofi mai hatimi iri biyu ne a wurinmu, kuma 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka kan ruɗe da wannan in ina ba su labari. Idan ainihin akt ɗin yana hannunka, aikin ba wuya. Ka kai shi meri, wato ofishin magajin gari, ko ofishin superefe, jami'in gwamnati mai kula da gunduma, ka sayi tambur, wato kan sarkin da ake mannawa, a kwafe abin da ke ciki, jami'i ya dubi na asali ya dubi kofi, ya sa hannu ya buga hatimi, shi ke nan. Tambur ɗin gwamnati ya daɗe a sefa 1,000, daga 2023 ya koma 1,500. Na yi wa mutane irin wannan aike ya fi a ƙirga, ba wanda ya taɓa tambayata me ya haɗa ni da mai takarda. Abin da kawai ke ba ni haushi, yawancin gasar neman aiki sai a ce kada kofin ya wuce wata uku da bugawa, sai ka ce ranar haihuwar mutum ruɓewa take yi kamar tumatir.

Iri na biyu shi ne in na asali ya salwanta. Nan sai an koma ga sush, wato gindin takardar da ya rage a cikin babban littafin rajista bayan an yage wa iyaye tasu. Sush kuwa ba ya tafiya, inda aka rubuta haihuwa can yake zaune. Amarya goyon ciki ta je gidan iyayenta, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, a wani gari da ke arewa da Garwa, tafiyar awa biyu in mota ba ta yi gardama ba. Can aka haifi yaron, can aka yanka ragon suna, can littafin yake.

Darakta ya kyauta mini. Ya tono wata dusasshiyar fotokofi tun ta lokacin da aka sa yaron makaranta. Ba a buga wa fotokofi hatimi in ba a ga uwarta ba, amma lambar akt ɗin tana karantuwa, kuma lambar nan ita ce rabin aikin.

Ranar wata Talata na rufe shagona na kayan babur, na bi motar farko bayan asuba. Kafin ƙarfe tara ina tsaye gaban teburin sakataren ofishin rajista. Dattijo ne siriri, tabarausa an ɗaure hannu ɗaya da zare. Ya karɓi fotokofin, ya shiga wani ɗaki na ciki, ba a yi minti goma ba sai ga shi rungume da littafi dogo mai baƙin bango, kusurwoyinsa duk sun nannaɗe. Ya busa ƙura, ya lashi yatsa, ya yi ta juya shafi har ya tsaya. Daga inda nake ina hango sunan Yaya a rubuce da shuɗin biro. Har na fara laluben kuɗin tambur a aljihu.

Sai ya rufe littafin a kan yatsansa, ya ɗago kai. Ya fara da Faransanci, ya koma Fulatanci, da ya ga hulata da yadda na amsa sai ya juya Hausa.

"Alhaji, kai wane ne a wurin yaron?"

"Baffansa ne, ranka ya daɗe. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da mahaifinsa. A gidana yake ci, a gidana yake kwana."

"Allah ya ba da lada. Ina mahaifin?"

Na ce ya rasu a watan Oktoba. Ya ajiye biro ya yi mini ta'aziyya sosai, har da addu'a. Sannan ya ce, "Mahaifiyar fa?"

"Tana takaba."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Alhaji, ban ƙaryata ka ba, ko kama ma kuna yi da marigayin a magana. Amma littafin nan mutum biyu ya sani a kan yaron nan, ɗaya ya tafi, ɗaya tana ɗaki." Ya lissafa mini da yatsu waɗanda shi zai miƙa wa kofi daga sush: mai takardar da kansa in ya girma, ko uba ko uwa da sunansu ke ciki, ko wanda kotu ta damƙa wa riƙon yaro a rubuce, ko wanda ya zo da takardar wakilci daga ɗayansu wadda hukuma ta tabbatar da sa hannunta. Ya ce in kotu ta aiko nema, wannan kuma wani babi ne. Na jira in ji inda baffa zai shigo. Yatsun suka ƙare.

Wallahi sai da na ji zafi ya taso mini daga ciki. Faransanci yana da kalma guda ta ɗan wa ko ɗan ƙane, mu Hausa ba mu ga amfanin ƙirƙiro ta ba, ɗa ɗa ne. Da mace ce, ni zan zauna a masallaci in ba da aurenta, ni zan karɓi sadaki, ba wanda zai ce in nuna takarda. Ni ke biyan kuɗin makarantarsa, ni na kwana da shi a asibiti lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi a damina. Yau ga wani littafi mai warin ɓera yana cewa bai san ni ba.

Ina cikin wannan sai na tuna wani abu. Auren Yaya da amarya a masallaci kawai aka ɗaura shi, ba a je gaban magajin gari ba. A dokar ƙasar nan kuwa, in aure bai shiga littafin gwamnati ba, sunan uba ba ya hawa takardar ɗa haka kawai. Sai uban ya zo da ƙafarsa ya ce ɗansa ne, uwar ta amince, shaidu biyu su sa hannu. A 2012 ni Yaya ya goyo a babur muka zo ɗakin nan, ni da wani abokinsa. Na ce wa sakatare ya duba takardar da ke maƙale da shafin. Ya ɗaga ta. Ga sa hannuna nan ɓaro-ɓaro, irin na ƙuruciya, da wata doguwar wutsiya da nake yi masa a lokacin don burga.

Dattijon ya yi dariya har da tari. "Lallai kai ne. To amma Alhaji, shaida ka zo yi ranar nan. Mai shaidar ciniki ai ba shi ne mai doki ba."

Ban haƙura ba. Na zaro nawa akt ɗin da na Yaya, wai in nuna masa ubanmu ɗaya. Nan ma kunya na sha. Shi Yaya ba shi da ranar haihuwa, "wajejen shekara kaza" aka rubuta masa, kamar yawancin 'yan zamaninsa. Sunan mahaifinmu kuwa, wanda ya rubuta nasa daban ya ji shi, wanda ya rubuta nawa daban. Duk wanda ya san takardun arewacin Kamaru ya san wannan ciwo: sunan Muhammadu kaɗai sai ka gan shi Mohamadou, ka gan shi Mahamat, ka gan shi Mamadou, ya danganta da kunnen magatakardan da ke kan kujera ranar. A takarda dai ni da Yaya 'ya'yan mutum biyu ne. Sakatare ya ce ko da sun yi daidai ma ba za ta canza zane ba.

Ina fitowa, a gindin dogon yaron da ke bakin titi, wani matashi mai jakar hannu ya matso. Ashe ya ji komai ta taga. Ya ce me zai sa babban mutum kamata ya wahala, in na ga dama kafin la'asar ya kawo mini sabon akt fil, da hatimi da komai, har in zaɓi shekarar da nake so. Ba zan yi ƙarya ba, na tsaya na saurare shi fiye da yadda ya kamata. Abin da ya sa na wuce shi ne tuna wani maƙwabcin shagona. Ɗan kawunsa ya ɗauki akt ɗinsa ya je ya yi katin ɗan ƙasa da shi tun da daɗewa. Da mai sunan na gaskiya ya tashi yin nasa, kwamfuta ta ce ai mai wannan suna da wannan ranar haihuwa yana da kati, da wata fuska daban. Shekaru ya yi yana yawo da guntuwar takardar jiran kati, ko asusun banki ya kasa buɗewa. Akt marar sush kuma ranar da aka ce a je a duba littafi, ranar asiri ke tonuwa, galibi lokacin da yaro ya ci wata babbar gasa, an gama murna.

A motar dawowa, an matse ni tsakanin buhun gyaɗa da wata tsohuwa mai kaji, fushin ya fara sauka, wani tunani marar daɗi ya maye gurbinsa. Baffa nawa na sani a cikin garin nan da suka sayar da filin marayu kafin ƙasar kabari ta bushe? Na san aƙalla biyu, kuma dukansu in suka tsaya gaban teburin nan abin da na faɗa shi za su faɗa, da irin muryata, wataƙila har da hawaye. Da takardar haihuwar yaro da ta mutuwar uba ake buɗe ƙofar kuɗin da mamaci ya bari. Dattijo mai tabarau ba shi da madubin duba zuciya. Har yau ina ganin tsarin bai san yadda gidajenmu suke ba, an ɗinka rigar ne a jikin wasu aka kawo mana. Amma ba zan ce mutumin nan ya zalunce ni ba.

Da dare na kai kukana wurin Baba, maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, shi ne lauyan unguwa na kyauta. Ya ce ai gadon Faransa ne. A can, cikakken kofin takardar haihuwa ko ta aure, mai ita ake ba wa, ko mijinta ko matarsa, ko iyaye da kakanni, ko 'ya'ya da jikoki, ko wakili na doka. Layi ne miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa, wa da ƙane suna gefe. Takardar mutuwa ce kawai kowa zai iya nema, sauran kuwa sai sun shekara 75 ake buɗe su ga jama'a. Ya ce tamu dokar ta 29 ga Yuni 1981 ce, aka yi mata gyara a watan Mayun 2011, gyaran da ya haifar da hukumar BUNEC mai kula da rajistar farar hula, ya kuma sa ana rubuta littattafan kofi uku don kada gobara ko ambaliya a wuri ɗaya ta shafe mutane daga doron ƙasa. An sake yin sabuwar doka a Disamban 2024, amma duk abin da nake ba da labari a ƙarƙashin ta da ya faru.

Baban nan dama shi ya cece mu tun farko. Ranar sadakar bakwai ya ja ni gefe ya ce, takardar da asibiti suka ba ku ba ita ce takardar mutuwa ba, shaidar likita ce kawai, sai ka kai ta meri an rubuta a littafi, kuma kwana 90 gare ka, in ya wuce sai kotu. Mu da ke binne mamaci kafin rana ta faɗi, wa ke tuna wannan? Na je a mako na uku. A nan ba wanda ya hana ni, dangi na iya kai rahoton rasuwa. Ka ji abin mamaki: mutuwar Yaya an yarda in sanar, haihuwar ɗansa ce aka ce ban isa in karɓa ba.

Saura takaba. Wata huɗu da kwana goma ba za su cika ba sai cikin Fabrairu, darakta kuma ba zai jira ba. Da na faɗi maganar takardar wakilci a tsakar gida, Goggo ta ce sai dai bayan ranta, mai takaba ko zaure ba ta leƙawa, me za a ce da mu a unguwa? Na rasa ta cewa, na tafi wurin liman bayan sallar isha'i. Ya ce mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, ba ado ba turare, abin da aka wajabta mata shi ne ta kwana a ɗakinta. Na roƙe shi ya zo ya faɗa da bakinsa, don in ni na kawo saƙon cewa za a yi na ƙara gishiri. Ya zo. Goggo ta saurara daga bayan labule, ta ce to, amma ƙafarta ƙafar yarinyar.

Haka muka tafi mu uku a motar wani abokina, don Goggo ta ce babur kam a'a. Amarya cikin dogon hijabi, katinta a dunƙule a hannu. Na riga na sa an buga takardar a kwamfuta: ita wance, ta wakilta wane, ya karɓo mata kofin takardar haihuwar ɗanta mai lamba kaza. Jami'in ya dubi katin, ya dube ta, ta dangwala yatsa, aka manna tambur. Duka-duka fitar ba ta kai awa ɗaya ba, amma Goggo ta yi mako tana ba da labarinta kamar an je Makka an dawo.

A hanyar komawa gida ne amarya ta yi mini tambayar da har yau ban sami amsar da ta gamsar da ni ba. Ta ji ana maganar takardun da za a kai CNPS, asusun fanshon ma'aikata, tunda Yaya direban wani kamfani ne kuma ana cire masa kuɗi duk wata. Ana neman takardar mutuwa, da takardun haihuwar yara, da takardar aure. Uwargida tana da tata, don tun farkon aikinsa suka je gaban magajin gari saboda kuɗin tallafin iyali. A takardar ma an tambaye shi mace ɗaya ko fiye, ya zaɓi fiye, wato ƙofa a buɗe take ga amarya. Sai gobe, sai jibi, sai bayan sallah, har Allah ya yi ikonsa.

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baffan yara, wato duk shekarun nan da na yi a gidan nan, a wurin gwamnati ban taɓa aure ba?"

Goggo ta ce ta yi shiru, aurenta Allah ya shaida, jama'a sun ci goro. Gaskiya ne. Da malamai suka raba abin da ke gida, tumunin mata biyu aka raba shi, ba wanda ya tambaye ta hatimi. Amma kofin takardar aure ba a cire shi daga littafin da ba a rubuta ba, ko wa ya je nema. Ɗanta dai yana cikin lissafi, albarkacin zuwan nan da muka yi a babur a 2012.

Ranar Litinin na sake bin motar asuba. A kan bencin jira na tarar da wata mata da yara uku, duk sun isa makaranta, ba ɗayansu da aka taɓa rubutawa. A gida aka haife su, wa'adi ya wuce tun tuni. Irin nasu sai jujuma, hukuncin kotu mai maye gurbin akt: likita ya ƙiyasta shekarun yaro, meri ta ba da shaidar cewa babu sush, a kawo shaidu gaban alƙali. Wani lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka su yi zama na musamman don ɗaliban CM2, a yi wa yara da yawa a rana ɗaya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 62 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista. Da na dube ta sai na ji kunyar ƙorafina. Ni gara ce ta ci tawa, amma gindin yana nan.

Sakatare ya gane ni tun daga ƙofa. Ya karanta takardar wakilcin tun daga sama har ƙasa, ya gwada sunana da katina harafi-harafi, ya ce, "Yawwa Alhaji, yanzu littafi ya san ka." Ya kwafe da hannunsa a hankali, harshe a gefen baki kamar ɗan makarantar allo. Mataimakin magajin gari ne mai sa hannu, ya tafi jana'iza, sai bayan azahar ya dawo. Na roƙi a yi mini kofi uku, na biya tambur uku. Tafiya biyu, shago a rufe kwana biyu, da na haɗa lissafi sai na daina haɗawa.

Maganar riƙon yaron kuwa mun yi taron dangi an rubuta, an sa hannu, tana gaban kotu tare da ta tabbatar da magada. An ɗage zama sau biyu. In ta fito, ni ma na shiga cikin yatsun dattijon.

Da na dawo Garwa da magariba, yaron yana zaure yana cin ƙosai. Na miƙa masa kofi ɗaya ya gani. Ya karanta sunansa da ƙarfi, ya karanta na mahaifinsa, ya karanta na mahaifiyarsa, ya juya bayan takardar ya ga wayam.

"Baffa, kai ina naka sunan?"

Na ce ya mayar mini da ita cikin leda tun bai shafa mata mai ba.